Hajo mai nono da ciwon Innata

"Tashi zaune, ni ba dubiya ta kawo ni ba."

Haka Hajo mai tallan nono ta ce wa Innata a garin Bazaga, cikin shekarun 1990, bayan an yi wa Inna aikin sankarar mama. Tun bayan aikin Inna ta shige ɗaki, ta daina cin abinci.

Inna ta ce, "Hajo, ni tawa ta ƙare."

"In ji wa? Likita ciwo ya cire, bai cire hannuwanki ba. Masu sayen nonona furarki suke tambaya."

Kullum Hajo sai ta taho ta zauna, ta saurari kukanta har ta gama. Wata safiya muka iske Inna a tsakar gida tana mulmula fura, ita da Hajo suna ta dariya.

Inna ta ga aurena, har ta goyi ɗiyana.

Ku fa, wa ya zauna da ku ranar da kuka karaya?