Ragon Sunan Tashar Malam Falalu

Malam Falalu ya zo Lyon ta ƙasar Faransa daga Zinder don karatun lantarki. Karatun bai ƙare ba, shi ma bai koma ba. Shekara goma sha biyar yana gyaran rediyo a wani ɗan shago a unguwar Guillotière, kuma duk wanda ya kawo gyara sai ya sha tarihin Damagaram kafin a taɓa masa waya ɗaya.

A 1994 muka ji hukumar raba tashoshin rediyo a Paris za ta ba wata ƙungiya gurbi ɗaya a FM. Falalu ya tara mutanenmu, aka cika takardu, har ɗaki aka samu a Rillieux, bayan garin Lyon. Juma'a za a rufe karɓa. Layi ɗaya ya rage: sunan tasha.

Aka yarda a haɗa haruffan farko na garuruwan manyanmu su zama sunan. Moutari, mutumin Maradi mai taksi, ya ce M ce a gaba.

"Kai da ka zo jiya?" in ji Falalu. "Ina Lyon kana tallan rake."

"Ka daɗe, Malam, amma a taksina za ka riƙa zuwa tashar."

Alhaji Sabo na Tahoua ya tuna musu cewa shi ya ba da kujerun ɗakin.

Sai Falalu ya ɗaga hannu. Ya ce tasha haihuwa ce: a jira kwana bakwai, a yanka rago, liman ya raɗa suna, sannan duniya ta ji. Kowa ya yi na'am, don kowa na zaton shi zai riga zuwa kunnen liman.

Ran Alhamis ya sa babbar riga ya hau jirgin ƙasa. A Paris Mounira, ɗiyar ƙanwarsa mai karatun lauya, ta raka shi ofishin. A bakin ƙofa ta duba takardar.

"Kawu, nan fa babu komai."

"Da gangan ne."

"Wallahi ba za su duba ta ba. Rubuta ko Rediyo Falalu ne."

"Ke! A gidanku an taɓa faɗin suna kafin ranar suna?"

Ya yi wa matar ofis bayanin kwana bakwai da rago cikin Faransanci mai tsabta. Ta ce abin sha'awa ne, ta ajiye takardar gefe.

Aka yi suna a Rillieux, aka ci nama. Liman, mutumin Agadez, ya yi addu'a ya raɗa AZMT. Babu wanda ya iya musu da liman.

Bayan wata guda wasiƙa ta zo: takarda ba ta cika ba, an ba wata ƙungiyar makaɗa gurbin. Falalu ya karanta sau biyu, ya ninke.

"Gara haka," in ji shi. "Da in riƙa jin Agadez gaba da Zinder kullum safiya."