Burodin Bisa Turmi

Jiya da safe na bi ta bayan wata makaranta a Gusau, sai ƙamshin ƙosai a man gyaɗa ya tare ni. Na tsaya cak da jaka a kafaɗa kamar wadda aka kira. Ba yunwa nake ji ba. Haushi ne ya taso mini, tsohon haushi, wanda na ɗauka na baro shi a Ƙaura tun ina 'yar firamare.

In ka taɓa sauka Ƙauran Namoda, na san abin da aka kai ka ka ci: tsiren bakin tasha ko balangun kasuwa. To, ka yi haƙuri, an yi maka rowa. 'Yan gari sun san wani lungu bayan layin dogo, inda wata mata ke tsaga burodi da babban yatsa, ta cusa masa ƙosai da zafinsa, ta danne da tafin hannu har mai ya ratsa, ta barbaɗa yajin ƙuli da albasa, ta naɗe a takardar siminti. Da aka ba mu sabuwar jiha, ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato sai sun yi tambaya kafin su gano wurin. Matar nan innata ce, ni kuma 'yar farinta. A nan matsalar take.

A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta jan shi a jiki, ba ta nuna ta damu da shi. Inna kuwa, da jinin Fulanin Katuru a jikinta, ta kai abin ƙarshe. Ga shi kuma sunan surukarta aka sa mini, wato kakata ta wajen uba, sai ya zama sunan ya haramta a bakinta ta ko'ina. Ni dai "waccan" ce. A ce wa waccan ta ɗebo ruwa. Waccan ta dawo?

Ƙanena da ke bi mini kuwa, ai shi ɗan gata ne. Sunansa ma sai ta ja shi kamar waƙa.

Da aka fara Shari'a, Baba ya ce zaman bakin hanya ya ƙare, Inna ta dawo da kaskonta tsakar gida. Ciniki bai ragu ba, maza sai su tsaya ƙofar zaure su aiko yara da burodinsu a hannu. Kowa ya yi murna ban da ni, don abin da nake jin labari da, yanzu a gaban idona ake yinsa.

Ka san ɗigon ƙullun nan da ke faɗawa cikin mai, ya soyu ya yi ƙaras-ƙaras? Ɓarɓashi muke ce masa, kuma wallahi ya fi ƙosan daɗi. Inna ba ta sayar da shi. Takan tsame shi da matsami ta tara a ɗan kwano, in ciniki ya lafa ta tsaga kan burodi ta ɗura, ta kira ƙanena, ta miƙa masa hannu da hannu, har da goge masa baki da gefen zane. Shi kuma ɗan nema, sai ya zo gabana ya ci a hankali, yana lumshe ido. Na sha yi masa fatan ya ƙware, Allah Ya yafe mini. Kishinsa nake yi, kishi na gaske.

Kakata ce ke share mini hawaye. Kullum da hantsi sai ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Taho nan, takwara." Ta ɗaga faifai, sai ga nawa burodin a naɗe, da ɗuminsa. Ni ba na son albasa, nata kuma bai taɓa zuwa da albasa ba. Na riƙa cewa a raina, ita kaɗai ta san ni a gidan nan. Har na yanke cewa Inna ba kunyata take ji ba, sona ne ba ta yi, kunyar ta samu ta fake.

Sai wata damina gwaggona ta haihu a Badarawa, kakata ta tafi zaman jego. Aka kwana biyu babu mai kirana da hantsi. Ban roƙa ba, ni ma ai 'yar uwata ce wajen taurin kai. Ina zaune bakin rumbu ina kallon ƙanena yana lasar yatsu, cikina na ƙugi, zuciyata ta fi shi.

Ran nan an kwana ana ruwa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika gida, idon Inna ya yi ja wajen hura wuta. Yara suka watse, ƙanena ya bi su waje. Saura ni da ita da kaji. Ta kwashe kasko, ta yi ta kai da kawo kamar mai neman abin da ya ɓace. Can sai ta ajiye wani ƙunshi bisa turmin da ke kife, ta dubi katanga ta ce, "Wanga abu, kar kaji su ɓata shi." Ta shige ɗaki ta saki asabari.

Na daɗe ina kallonsa kafin na tashi. Naɗin irin na ƙarƙashin faifan kakata ne, har yadda ake lanƙwasa bakin takardar. Na buɗe. Cike yake da ɓarɓashi, babu albasa ko ɗaya.

Kada ka ɗauka na huce. Na gane hannun da ke ciyar da ni, amma ƙanena ai da sunansa ake ba shi, ni kuwa sai an bi ta kan kaji.

Yanzu lungun ya cika da shaguna, masu shayi na soya taliyar leda, yara ba su san takardar siminti ba. Kunyar ɗan fari ma ta ja baya. Tawa 'yar farin, sunanta nake kira gatsau, har in rungume ta a gaban baƙi.

Da ƙaramar sallar bana muka je Ƙaura. Inna ta tsufa, ta daɗe da barin suya, amma ta sa aka sauko da kasko don jikarta. Ta tsaga burodi da yatsan nan nata, ta kira yarinyar da cikakken sunanta, ta riƙa ba ta a baki tana yi mata kirari. Ina tsaye, mace da furfura, na zuba musu ido. Kishin 'yar cikina!

Inna ba ta dube ni ba. Ta goge wa yarinyar baki ta ce, "Tahi ki ce ma waccan, nata na bisa turmi."

Na je na ɗauka. Babu albasa. A tsaye na cinye shi, ina harararsu su biyun.