Zinariya da Tsakar Ranar Jan-baki

Gyara zama, ka ba ni aron kunnenka, ka ji labarin Zinariya ta Guri.

Tun tana 'yar ƙwailarta aikinta ɗaya ne a fadama: korar tsuntsu. Ta ɗaure igiya daga wannan kusurwar gonar shinkafa zuwa waccan, ta rataya gwangwanaye, ta hau rumfa tana fizga tana ihu. Ta san halin tsuntsayen jan-baki kamar yunwar cikinta. Da safe su sauko, rana ta take su koma inuwa, sai kuma la'asar. Tsakanin nan ne kawai mai gona yake da 'yancin kansa, a ciki ta yi rainon 'ya'yanta duka.

To, bana shinkafa tana tsaka da nono, lokacin da tsuntsu ya fi sonta, sai autarta Zulfa ta haihu a Legas. Zinariya ta ce a gaida mai jego, ita ba inda za ta, abincin shekara ne a tsaye.

"Haba Iya," in ji Zulfa a waya, "jirgi fa za ki hau. Daga filin jirgin Kano zuwa na Legas kilomita ɗari takwas da wani abu ne, amma awa ɗaya da rabi kin sauka."

"Dawowar fa?"

"Haka dai."

Zinariya ta dubi rana, ta dubi gona, ta ga lissafi ya fita. Za ta tafi da hantsi, ta yi wa jariri wanka, ta gyara wa mai jego kunu, kafin la'asar tana kan rumfarta. Washegari, da ta sallami tsuntsayen safe, ta miƙa wa mijinta Malam Muttaka igiyar.

"Malam, riƙe mini. Ba sai ka ja ba ma, yanzu zan dawo."

Malam masunci ne, bai taɓa yi wa tsuntsu tsawa ba. Ya karɓa da yatsu biyu.

Kwalekwale ya fitar da ita bakin hanya, ta hau babur, ta shiga motar Haɗejiya, ta zauna jiran ta Kano ta cika. A bakin filin jirgi aka kira la'asar. Can Guri kuwa jan-baki ba su makara ba.

Jirgin dai bai yi ƙarya ba. Goron da ta jefa a baki yana tashi, bai gama narkewa ba aka ce a sauka. Ta ga jika, ta ce hancin kakansa ne, Allah ya sa ya fi shi murya. Sai bayan suna aka sake ta.

Ta iske Malam a kan rumfa da igiya ɗaure a ƙafa, muryarsa ta dushe, rabin gonar ya zama kara tsaye. Ta zagaya, ta murza zangarniya, ƙaiƙayi ya zubo. Ta kwance igiyar daga ƙafarsa, ta ce ya je ya sha ruwan zafi. Rabin da ya saura ita ta tsare shi har girbi.

Yanzu duk mai tambayarta nisan Legas, sai ta ce, "Legas nan kusa ce, goro ɗaya. Kano ce ba a zuwa."

Kai da ka saurara, wa za a bi bashin shinkafar nan: jirgin, Malam, ko wanda ya ajiye Kano can nesa?