Ranar da Baba ya wanke wayarsa

Ko zan manta da komai na shekarar ƙarshe a jami'a, ban da ranar da Baba ya tsoma wayarsa a ruwa saboda ni.

Aikin bincikena shi ne samar da lantarki daga fitsari. Wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ke cin abin da ke cikinsa su ba da 'yar wuta, a ƙasa kuma farin gari ya kwanta, taki mai kyau. Na kafa gwangwanayena a bayan gidanmu na Ƙofar Jatau, na ce wa kowa ruwan gwaji ne. Ni da ko sunan banɗaki ba na iya faɗa gaban mahaifina, malamin zaure, ina zan iya cewa fitsari?

Saura mako biyu in kare aikin, wuta ta kwana uku ba ta zo ba. Don neman suna na karɓi wayar Baba na yi mata caji da wutar gwangwanayena. Yana cikin sa mini albarka Inna ta leƙo daga madafa ta fasa ƙwai, ta ce ai fitsari ne a cikin gwangwanayen.

Baba ya riƙe wayar da yatsu biyu. "Wayar da nake sauraron karatu da ita?" Ya cika kwano da ruwa ya dulmiya ta sau uku, sannan ya ce kafin la'asar kada ya ga gwangwani ko ɗaya a gidansa. Idan kuwa aka zubar da ƙwayoyin nan, wata biyu ba su isa in reni wasu ba.

Da kuka na roƙi a kai maganar zaure. Wani tsohon aminin Baba ya yi mini tambayoyi ta bayan labule.

"Wutar tana da launi?"

"Babu, Malam."

"Wari fa?"

"Babu."

"Ɗanɗano?"

"Wannan kam ban gwada ba."

Ya sa aka kawo gwangwani ɗaya, ya ɗora bakin wayoyin lantarki biyu da ke jikin gwangwanin a harshensa, ya ɗan zabura. "Tsami-tsami, amma ba na najasa ba. A bar yarinya ta yi karatunta."

Baba ya daɗe yana duban wayarsa da ta mutu murus. "Da kin gaya mini tun farko, da littafi zan buɗe, ba kwano zan ɗauko ba."

Na ci jarrabawata, amma har yau maganar nan tana sosa mini rai. Tun ranar na gane cewa abin da kunya ta hana ni faɗa da bakina, wani zai faɗe shi a lokacin da ya fi muni.