Baffa yana son gidan gaba

"Ki kama min gidan gaba, kusa da direba."

Wallahi haka Baffa, yayan babanmu, ya ce min jiya, ko kunya babu.

Mutumin nan fa, ranar da na samu aiki a jirgin sama, shi ya tako har gidanmu a Kontagora ya ce Baba ya yaga takardar. Wai an yi asarar boko, 'yar gidan mutunci za ta zama kwandasta mai raba biskit. Sati biyu ina kuka kafin Baba ya bar ni na tafi.

Yanzu ɗansa ya biya masa Umara, bai taɓa hawa jirgi ba, sai aka tuna da kwandasta.

Na durƙusa na ce, "Baffa, can a kulle yake, sai matuƙa."

Ya ce, "To ke mene ne amfaninki?"

Na ce, "Ni ce in na ce ka zauna, ka zauna. In na ce ka ɗaura bel, ka ɗaura."

Baba ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Wanda ya so ɗaure ni a gida, ni zan ɗaure shi a kujera. Ku ma akwai irin Baffa a danginku?