Barcin Da Na Yi A Kotu Ya Ci Gonar Wata Baiwar Allah

A shekarun farko da aka dawo da shari'ar Musulunci a jiharmu, ni magatakarda ne a wata ƙaramar kotu a ƙasar Daura. Alƙalinmu dattijo ne, hannunsa na rawa, saboda haka duk abin da mai ƙara da shaidu suka faɗa ni nake rubutawa. Na shiga aikin ina siriri kamar sillen kara, amma zaman kujera da furar safe da tsiren yamma suka taru suka yi mini teɓa, wuyana ya cika har maɓallin riga ya daina haɗuwa. Abokai suna zolayata cewa aikin gwamnati ya karɓe ni, ni kuma ina jin daɗi. Na rubuto muku ne saboda wannan ƙibar da nake taƙama da ita ce ta jawo wata mata ta rasa gonarta ta hannuna.

Abin ya fara ne da gajiya. In kwanta da wuri, in tashi kamar wanda ya kwana yana huɗa, kai na sarawa, baki a bushe. Maiɗakina ta taɓa gaya mini, cikin rarrashi, cewa minsharina ba irin na mutane ba ne: sai in ja in ja, in yi tsit kamar rai ya fita, sannan in zabura da wani irin gurnani. Na hau ta da faɗa, na ce raini ne ya sa take ƙirga numfashin mijinta. Ba ta sake tayar da maganar ba. Shaƙewar da kan farkar da ni kuwa na ce dannau ne, na sha rubutu, na sa aka yi mini ruƙiya, na canza wa gadona kusurwa har sau biyu.

A kotu na koyi gyangyaɗi a zaune, biro a hannu, kai a sunkuye kamar mai nazari. Ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan, sai in farka in tarar shaida ya yi gaba da magana. Goro bai hana ba, shayi ma haka. Sai na ɓullo da dabara: in bar fili a takarda, in an tashi in cike shi da abin da na san shaidu kan faɗa a irin wannan shari'ar. Ai rikicin gona duk kusan iri ɗaya ne, haka nake gaya wa kaina.

Ana nan aka kawo ƙarar wata mata daga wani ƙauye a wajen Sandamu. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, ƙannensa suna so a sa wata gona a cikin gado, ita kuma ta ce tata ce. Ta zo da shaida guda, wani tsoho abokin mijin. Na rubuta farkon maganarsa, na rubuta ƙarshenta, tsakiyar kuwa barci ya cinye. Da yamma na cike gurbin da abin da aka saba: mijin ya yanka mata gayauna ne ta riƙa nomawa. Kafin a yanke hukunci aka yi wa alƙalinmu canjin wurin aiki, tsohon shaidan kuma Allah ya yi masa rasuwa a damina. Sabon alƙali ya karanta abin da na rubuta, ya sa gonar a gado. Matar ta miƙe tana kuka tana cewa ba haka tsohon ya faɗa ba, aka ce ta yi wa kotu ladabi. Ni kuwa na sunkuyar da kai.

A azumin shekarar da ta biyo baya na shiga i'itikafi a masallacin unguwarmu. Maƙwabcin shimfiɗata wani malamin asibiti ne da ya yi ritaya. Rana ta uku, bayan barcin azahar, na buɗe ido na gan shi zaune yana kallona da agogo a hannu. Ya ce tun jiya ya bar karatunsa yana lura da ni, numfashina yana ɗaukewa ya dawo ba adadi, kuma wannan ba aljani ba ne, ciwo ne da likitoci suka sani. Ni mutum ne mai son bin diddigi, sai na tsare shi da tambayoyi har aka kira la'asar. Yaya mutum zai shaƙe bai sani ba? Me ya haɗa teɓa da maƙogwaro? Ya kama wuyana ya nuna mini yadda kitse ke matse hanyar iska idan naman wurin ya saki a cikin barci, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta tashin mutum don kada ya mutu, shi kuwa yana zaton barci yake yi. Na yi ta mamaki, ashe shekara da shekaru ban yi barcin kirki ba.

Bayan ƙaramar sallah na je babban asibiti a Kano. Aka kwantar da ni aka liƙa mini wayoyi, gwajin ya tabbatar da maganarsa, har da hawan jini da ban san ina da shi ba. Aka haɗa ni da na'ura mai hura iska ta takunkumin hanci, na sha fama da ita saboda rashin wuta sai da na samu batir. Likita ya ce in rage tuwon dare da maiƙo, in riƙa tafiya a ƙasa. Na ajiye babur, na koma zuwa aiki da ƙafa. Cikin 'yan watanni riguna suka yi mini yawa, kaina ya washe, na nemi gafarar maiɗakina.

Da hankalina ya dawo sai maganar matar nan ta hana ni sakat. Na tambayi masinjan kotunmu ko ya tuna shaidar tsohon. Ya ce sarai, tsohon cewa ya yi a gabansa aka ba ta gonar a matsayin sadakinta. Na je na faɗa wa alƙali gaskiya, ya yi mini faɗan da na cancanta, ya kira magadan don sulhu. Suka ce sun riga sun sayar, mai saye ma ya sayar wa wani, kuma maganar masinja ba ta isa ta tayar da hukunci ba.

Na bi sawun matar har wani ƙauye gaba da Kwangwalam, inda take zaune a gidan ɗan'uwanta tana surfe a gidajen mutane. Na durƙusa na gaya mata komai. Ta ce ai ta gan ni ranar, idona a rufe, biro ya tsaya. Ta so ta yi magana, sai ta ɗauka haka masu ilimi suke sauraro, kuma wace ce ita da za ta tashi malamin kotu. Ta ce ta yafe, amma kada in ƙara zuwa, ganina yana tayar mata da abin da take ƙoƙarin mantawa.

Har yau ina tambayar kaina gurabe nawa na cike a takardun mutane, ban kuma san amsar ba. Ciwon ba laifina ba ne, amma ɓoye shi da ƙin sauraron wadda ta fara gaya mini laifina ne. Don Allah, duk wanda aka ce numfashinsa na ɗaukewa a barci, ko yake gyangyaɗi a bakin aikinsa, ya daina neman wanda zai yi wa fushi, ya je asibiti. Ku kuma da kuke ganin mai riƙe da amanarku yana barci, ku tashe shi ko wane ne shi. Ni na samu lafiya, ita kuwa har yanzu ba ta da gona.