An Yi Mata Allura, Amma Ta Kwanta

Ina tsaye gaban allo a wata firamare a Paiko wayata ta shiga ruri cikin jaka. A shekarun nan kullum nakan hau bas daga Minna da sassafe, in dawo bayan la'asar. 'Yata, wadda ba ta cika shekara biyu ba, nakan bar ta wajen maƙwabciyarmu a Fadikpe, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna mai suyar ƙosai a ƙofar gida. Mama muke ce mata. Ba ta taɓa kirana a lokacin aiki ba.

"Malama, ki dawo," ta ce. "Yarinyan nan, numfashinshi bai yi mini ba."

"Mura ce, Mama. Na ba ta magani da safe."

"Na goyi yara, na san mura. Ki dawo."

A tasha direba ya ce sai mota ta cika. Na zauna ina kallon mata suna loda doya, ba mai gaggawa sai ni. Ina da ciki a lokacin, zafin motar ya sa kaina juyawa, amma na kasa sauka in sha iska don kada a tafi a bar ni.

Na sami 'yata kwance a tabarma, Mama tana mata fifita. Ba ta kuka, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Wani ɗan nishi kawai take yi. Mama ta ɗaga mata riga, na ga duk numfashin da ta ja sai fatar ƙasan haƙarƙarinta ta lotsa ciki. Jikinta kamar garwashi. Mijina yana Bida wajen aiki, don haka Mama ta sauke kaskonta daga wuta, ta tare mana keke mai ƙafa uku zuwa asibiti.

Likitar da ta duba ta matashiya ce, ba mai yawan magana ba. Ta saurari ƙirji da baya, sannan ta sa hannu ƙarƙashin kan yarinyar ta lanƙwaso wuyan a hankali. Na san abin da take nema. Ina ƙarama sanƙarau ya kama wata ƙawata, ta tashi ba ta ji ba ta magana. Na runtse ido. Da na buɗe, haɓar 'yata ta taɓa ƙirjinta.

"Wuyan lafiya," likita ta ce. "Huhu ne. Namoniya ce, kuma ta yi ƙarfi."

"Likita, an yi mata rigakafi fa. Ban tsallake ko ɗaya ba. Har ta ciwon huhun an yi mata."

"Na yarda, Malama. Bari mu fara ceto ta tukuna."

Aka sa mata robar iska a hanci, aka ɗebi jini, aka ɗaura ruwa. Sai da aka soke ta wuri-wuri kafin a sami jijiya, ko motsi ba ta yi ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata daga Kpakungu, matar wani mai walda, ɗanta ma numfashi ne ya kawo su. Washegari da rana, bayan mun saba har muna tsare wa juna gado idan ɗaya za ta yi salla, ta dube ni.

"Yaya, na ji kin ce an yi wa taki allura. Nawa ban samu kai shi ba, yau ciwo gobe hidima. To ga mu gado kusa da gado. Mene ne bambancin?"

Ba gatse take yi ba. Da gaske take tambaya, idonta cike da hawaye. Ni da nake amsa tambayoyin yara kullum, sai na ce mata mu tambayi likita. Na dafa cikina.

Da sakamakon jini ya fito, na maimaita wa likita tambayar, matar tana saurare. Likita ta jawo kujera ta zauna tsakanin gadajen. Ta ce ƙwayar cutar sunanta ɗaya, amma iri-iri ce, sun kai wajen ɗari, kowace da irin rigar da take sanye da ita. Allurar tana koya wa jiki ya gane rigunan kaɗan daga cikinsu, waɗanda suka fi kashe yara. Sauran suna nan. Kuma inda aka kori waɗancan, wasu sukan sami fili.

"To wace iri ce ta kama ta?"

"Ba mu da abin da zai gaya mana a nan. Mai yiwuwa wadda allurar ba ta ƙunsa ba ce. Ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba."

"A ina ta ɗauko?"

"Tana zama a hancin yara masu lafiya, ba ta yi musu komai. Ko'ina za ta iya ɗauka." Sai ta juya ga matar. "Kafin a fara wannan allurar, waɗanda suka riga ni aiki sun ce ɗakin nan ya fi haka cika. Ba ta toshe duk ƙofofin ba, amma ta toshe manyan."

Da yammacin ranar yaron ya fara sanƙarewa. Na ga an gwada wuyansa, ya ƙi lanƙwasuwa. Aka ce a wuce da shi babban asibiti. Uwar ta tattara kwanukanta, ta ce in sa su a addu'a. Ban sake ganinta ba, ban kuma san yadda ta ƙare ba. Na daɗe ina kallon katifar da aka yaye wa zani.

'Yata ta tashi. Ranar da ta fizge robar hancinta ta nemi ƙosan Mama, mijina, da ya dawo daga Bida, ya fita waje don kada a ga fuskarsa. Amma da na koma makaranta, sai na ga aji ya canza mini. Yara suna tururuwa su karɓi jakata, wannan na tari, wancan na share majina da hannun riga, ni kuma ina ja da baya. In na dawo gida sai na yi wanka na canza kaya kafin in ɗauki 'yata. Mama ta lura.

"Malama, tsoro zai kashe ki kafin ciwo. Ɗauki yarinyanki."

Na haifi namiji a ƙarshen damina. Da lokacin allurarsa ya yi, mijina ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona ina goya shi.

"Za ki kai shi?"

"Zan kai shi."

A layin rigakafi wata mai haihuwar fari ta matso ta tambaye ni ko idan an yi wannan shi ke nan, yaro ya tsira. Na ce mata a'a, ba daga duka ba, amma daga mafi munin. Ta ci gaba da jijjiga jaririyarta, na ɗauka za ta fita. Sai ta gyara zama. Nas ta leƙo ta yafito ni, na kwance goyo, na riƙe masa cinya da hannu biyu, na kawar da kai.